Lambar shasin babur: har ina za a iya dogara da ita?

Sagir_MaiBabur

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san sha'anin lambar shasi, wadda a takardu ake rubuta ta da VIN. An kawo mini tallan wani babur na hannu, mai shi ya ce ƙirar 2019 ne. Lambar da aka buga a wuyan firam ɗinsa, inda kan babur yake juyawa, tana da gurbi 17, ta fara da JH2, kuma abin da ke gurbi na goma harafin K ne. Tare da shi akwai babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake shiga gona da jeji da shi, lambarsa ta fara da L, amma da na saka ta a shafin intanet mai fassara irin waɗannan lambobi sai ya ce bai san ta ba. Shin lambar kaɗai za ta iya tabbatar mini da shekarar babur na farko? Kuma ƙin da shafin ya yi wa ta biyu yana nufin ta bogi ce?

Injiniya_Bashir

Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Tsarin gurbi 17 yana bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 3779 ne, kuma hukumar kula da lafiyar tuƙi ta Amurka, wato NHTSA, ta wajabta shi a kan ababen hawan da ake sayarwa a can tun daga ƙirar 1981. Ba a amfani da haruffan I da O da Q a ciki, domin kada a rikita su da 1 da 0, saboda haka duk inda ka ga kamar O to sifili ne.

Lambar ta kasu uku. Gurabe uku na farko suna nuna wanda ya ƙera abin hawan da yankin da aka yi masa rajistar wannan alama: J na Japan ne, L na Sin, W na Jamus, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada. JH2 alamar baburan Honda ce, JYA ta Yamaha, JS1 ta Suzuki, JKA ta Kawasaki, ZDM ta Ducati a Italiya, WB1 ta BMW, MD2 kuma ta Bajaj a Indiya. Daga gurbi na huɗu zuwa na takwas bayanin samfurin ne, na tara kuwa a tsarin Amurka lambar tantancewa ce, wadda ake kama kuskuren kwafa da ita. Kashi na ƙarshe ya fara daga gurbi na goma, wanda a tsarin Amurka shi ne shekarar samfuri, na sha ɗaya masana'antar da aka harhaɗa shi, sannan shida na ƙarshe lambar jerin fitowa.

A gurbin shekara, A tana nufin 2010, B 2011, a ci gaba da jeri har H wadda take 2017, sai a tsallake I a tafi J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025. Ƙari a kan haruffa ukun da na ambata (I da O da Q), wannan gurbi ba ya ɗaukar U da Z da sifili. Daga 2001 zuwa 2009 lambobi ne aka yi amfani da su, daga 1 zuwa 9.

Nura_125

To ai magana ta ƙare ke nan. K na nufin 2019, mai babur gaskiya ya faɗa.

Baba_Tanko

Malam Nura, tsugune ba ta ƙare ba. Jerin da Injiniya ya kawo yana zagayowa ne duk bayan shekara 30, domin an fara shi da A a 1980, aka kai Y a 2000, aka yi lambobi tara, sannan aka koma kan A a 2010. Saboda haka K ɗin nan tana iya zama 2019, tana kuma iya zama 1989, kuma Honda tana buga JH2 a duka lokutan biyu. Na san da wuya mutum ya rikita babur mai shekara 30 da sabo idan yana gabansa, amma wanda yake ciniki da hoto da takarda kawai, ko wanda yake neman kayan gyara ta hanyar lamba, wannan bambanci yana iya jefa shi cikin asara.

Dan_Tsere

Akwai hanyar raba gardamar, Baba. A duba gurbi na bakwai: idan lamba ce to zagayen farko ne, daga 1980 zuwa 2009, idan kuwa harafi ne to daga 2010 zuwa sama.

Injiniya_Bashir

Wannan ƙa'ida tana nan, Dan_Tsere, amma dokar Amurka ta ɗora ta ne a kan ƙananan motoci da motocin ɗaukar kaya marasa nauyi. Ba ta hau kan babura ba, kuma za ka sami sabon babur fil da lamba a gurbinsa na bakwai. Wanda ya yi aiki da ita a kan babur zai mayar da na 2019 na 1989 ba tare da dalili ba.

Oga_Lawal_Bakanike

A wajenmu masu gyara, gurbi na huɗu zuwa na bakwai ne yake warware wannan matsala, idan babur ɗin Honda ne ko Yamaha. Honda takan sa lambar samfurinta a wurin kai tsaye. Idan ka ga JH2SC57 to CBR1000RR ne na tsakanin 2004 da 2007, idan ka ga JH2PC40 to CBR600RR ne wanda ya fara fitowa a 2007. A Yamaha kuma samfurin R1 yakan ɗauki RN bayan JYA, R6 kuma RJ, ko da yake wasu samfuran ma suna ɗaukar waɗannan haruffa. Da zarar ka san samfurin ka san shekarun da aka yi ana ƙera shi, sai ka ga wace K ce ta dace. Sai dai kowane kamfani da yadda yake tsara waɗannan gurabe, babu jadawali ɗaya da ya game kowa, kuma abin da ka haddace na Honda ba zai amfane ka a kan Suzuki ba. Abin da doka ta nema a Amurka shi ne a iya gane nau'in babur da layin samfurinsa da irin injinsa da ƙarfinsa daga wurin, amma ta bar wa kamfani ya zaɓi haruffan da zai yi amfani da su.

Bayan haka gani ya kori ji. Babban babur mai birkin ABS (mai hana taya kullewa) da injekta (na'urar fesa mai a inji da ta maye gurbin kafireta) da fitilun LED ba na 1989 ba ne. Amma kada a juya maganar a ce duk mai kafireta tsoho ne, domin har 2019 ana fitar da ƙananan babura da yawa da kafireta.

Ummu_Khalil

Kowa ya tsaya a kan babur na farko, an bar tambaya ta biyu. Malam Sagir, yawancin shafukan nan na kyauta suna ɗebo bayanansu ne daga rumbun NHTSA, wanda kamfanonin da ke sayar da ababen hawan titi a Amurka suke shigar da tsarin lambobinsu a ciki. Abin hawan da aka ƙera a Sin aka kai shi wata kasuwa dabam, ko wanda ba a yi shi domin titi ba, ba dole ba ne ya kasance a rumbun. Saboda haka rashin saninsa da shafin ya yi ba hujja ba ne a kan lambar, iyakacin abin da ya nuna shi ne shafin ba shi da bayanin wannan kamfani. Ka karanta haruffa ukun farko da kanka: LLC Loncin ne, LZS Zongshen, LF3 Lifan. Idan sunan da ke jikin tanki ya saɓa da wanda haruffan suka nuna kada ka firgita nan take, domin masana'antu da yawa a Sin suna ƙera wa wasu 'yan kasuwa kaya a manna musu sunan da suka zaɓa, alhali lambar shasi tana ɗauke da alamar masana'antar asali.

Kabiru_4x4

Ina goyon bayan Ummu Khalil, kuma ina so in ƙara wani abu game da masu ƙafa huɗu da baburan tseren daji. Dokar da ta wajabta VIN a Amurka ta shafi abin hawan da aka yi domin hanyar jama'a ne. Manyan kamfanoni duk da haka suna bin tsarin gurbi 17 a kan na jeji, shi ya sa za ka ga 4XA a jikin Polaris, 3JB a jikin Can-Am ɗin da aka haɗa a Meziko, JY4 a Yamaha mai ƙafa huɗu na Japan, 5Y4 a wanda aka haɗa a Amurka, JH3 kuma a na Honda. Amma tun da bin tsarin ba tilas ba ne a ko'ina, ƙananan masana'antu sukan bi rabi su bar rabi, har ka ga gurbi na goma ba shi da wata alaƙa da shekara.

Samun wurin da lambar take ma aiki ne. A babur mai ƙafa biyu kusan kullum tana wuyan firam, inda kan babur yake juyawa, galibi ta dama, sai ka karkatar da kan zuwa hagu ka gan ta. A mai ƙafa huɗu babu wuri ɗaya: wasu a ƙarfen firam na ƙasa ta hagu kusa da inji, wasu a ƙarfen da ya gitta ta gaba, wasu a cikin ramin taya. Wurare ne da laka da tsatsa suke cinyewa, kuma na tabbata rabin lambobin da shafukan intanet suke ƙi kuskuren karatu ne, an ɗauki 8 a matsayin B, ko 5 a matsayin S, ko 2 a matsayin Z.

Malama_Hadiza_Lissafi

Irin wannan kuskure da Malam Kabiru ya ambata shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiri lambar tantancewa ta gurbi na tara, kuma mutum zai iya lissafa ta da biro da takarda. Kowane harafi yana da daraja: A zuwa H suna ɗaukar 1 zuwa 8, J zuwa N suna ɗaukar 1 zuwa 5, P tana da 7, R tana da 9, S zuwa Z kuma suna ɗaukar 2 zuwa 9. Lambobi suna riƙe darajarsu. Kowane gurbi kuma yana da nauyi, a jere kamar haka: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10, 0, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2. Sai a ninka darajar kowane harafi da nauyin gurbinsa, a tara duka, a raba da 11, abin da ya yi saura shi ne ya kamata a gani a gurbi na tara. Idan saura 10 ne sai a rubuta X.

Ga lambar da na ƙirƙira domin misali kawai: JH2AB1232KM000001. Ninkin ya ba da 8, 56, 12, 5, 8, 3, 4, 30, sai sifili a gurbi na tara, sannan 18, 32, sifili biyar, da 2 a ƙarshe. Jimilla 178 ke nan, kuma 11 sau 16 shi ne 176, saura 2, wanda ya yi daidai da abin da ke gurbi na tara. Da wani zai karanta B ɗin gurbi na biyar a matsayin 8, jimillar za ta koma 202, saura ya zama 4, nan take a gane akwai kuskure.

Nura_125

Madalla, Malama. Ke nan idan lissafin ya fita daidai lambar ta gaskiya ce, idan bai fita ba ta bogi ce?

Malama_Hadiza_Lissafi

Ko ɗaya daga cikin biyun ba haka yake ba, Malam Nura. An yi lissafin ne domin kama kuskuren mai kwafa, ba domin kama mai ha'inci ba, kuma tsarin a bayyane yake ga kowa. Ka lura cewa B da K da S da lambar 2 duk darajarsu 2 ce. Wanda ya mayar da B ta 2011 zuwa K ta 2019 a gurbi na goma bai taɓa jimillar ba ko kaɗan, lissafin zai fita tsaf alhali an rage wa babur shekara takwas. Wannan ya shafi tambayar Malam Sagir kai tsaye, tun da K ce a nasa.

A ɗaya ɓangaren kuma, lambar tantancewa wajibi ce a Arewacin Amurka da Sin, amma ƙa'idar ISO ba ta tilasta ta ba. Babur ɗin da aka ƙera domin kasuwar Turai ko Indiya yana iya ɗaukar wani abu dabam a gurbi na tara, lissafin ya ƙi fita alhali lambar lafiyarta ƙalau. Kamfanonin Indiya ma sukan sa alamar wata da shekara a guraben da kowannensu ya zaɓa wa kansa. Amma tun da mai ƙafa huɗun Malam Sagir ya fara da L, yana da kyau ya gwada lissafin, domin idan ya fita to aƙalla ya san ya karanta lambar daidai.

MaiWalda_Isuhu

Ni abin da nake fara dubawa ƙarfen ne, kafin in duba abin da aka rubuta a kansa. An taɓa kawo mini wani babur in gyara masa wurin da jak yake kamawa, sai na lura fentin wuyansa ya fi na sauran firam kauri da sheƙi. Da na haska tocila daga gefe, yadda haske zai kwanta a kan ƙarfen, sai ga wurin lambar ya ɗan lotsa kamar an kwashe masa fata, ga kuma siraran layukan gurza a ƙarƙashin fenti. Haruffan farko a miƙe suke, zurfinsu ɗaya, amma uku na ƙarshe ɗaya ya ɗaga sama, ɗaya ya karkata, kuma siffar 4 ɗin da ke cikinsu ba irin ta 4 ɗin da ke farko ba ce. Injin masana'anta yana buga lamba a layi ɗaya da tazara ɗaya, ko da bugu ne ko da ɗige-ɗige, hannun mutum da guduma kuwa ba ya iya wannan. Na mayar wa mai shi babur ɗinsa na ce ya koma wurin wanda ya sayar masa.

Wasu ba sa gurzawa, yanko wuyan wani firam suke yi gaba ɗaya su yi masa walda, saboda haka a duba ɗinkin waldar da ke kewaye da wuya ko ya yi kama da na sauran jiki. Idan datti ya rufe lamba, a wanke da fetur da burushi mai laushi, a goga alli a share saman, haruffan za su fito fari. Kada a sa samfefa mai kaushi, domin kai da kanka za ka bar alamar da za ta sa a zarge ka. Masu binciken ƙwaƙwaf suna iya dawo da lambar da aka gurje ta hanyar zuba wani sinadari, saboda bugun yana danne ƙarfen da ke can ƙarƙashin harafin.

Sagir_MaiBabur

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma na duba, sai na tarar da sitika a jikin firam mai ɗauke da lamba iri ɗaya da ta wuya, amma an rubuta 10/18 a matsayin lokacin ƙira. Sannan lambar da ke jikin inji ba ta yi daidai da ta shasi ba. Waɗannan biyun matsala ne?

Injiniya_Bashir

Na farko ba matsala ba ne, yana ma ƙarfafa maganar mai babur. Gurbi na goma shekarar samfuri yake nunawa, ba ranar da aka ƙera ba, kuma kamfanoni sukan fara fitar da samfurin shekara mai zuwa tun watannin ƙarshe na wadda ake ciki. Babur ɗin da aka haɗa a watan Oktoba na 2018 yana ɗaukar K ba tare da wani saɓani ba. Lambar inji kuwa dama jerinta dabam ne a yawancin baburan Japan, ba a sa ran ta zama ɗaya da ta shasi. Abin dubawa shi ne haruffan farkonta su dace da samfurin, misali injin da ke kan SC57 yakan fara da SC57E, sannan ta yi daidai da abin da aka rubuta a takardun babur ɗin.

Dan_Tsere

Ni dai ƙa'idata mai sauƙi ce: duk babur ɗin da lambarsa ba ta cika 17 ba, ba na ko tsayawa kallonsa.

Baba_Tanko

Da wannan ƙa'ida za ka yi watsi da babura masu asali da yawa, ɗana. Kafin 1981 kowane kamfani da nasa tsarin, kuma CB750 na farko da Honda ta fitar a 1969 lambar firam ɗinsa sunan samfurin ne da lambobi bakwai a bayansa. Har yau kuma baburan da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Japan ba sa bin gurbi 17. Za ka ga lambar samfuri, sai ɗan layi, sai jerin lambobi, kamar NC31 ko NC39 ko NC42 a jikin CB400 Super Four. A irin waɗannan babu harafin shekara kwata-kwata, sai an nemi jadawalin kamfani an ga jerin da lambar ta faɗa a ciki. Abin da zai sa in ja da baya shi ne babur ɗin da aka ce an yi shi domin Amurka bayan 1981 amma lambarsa ta gaza 17.

Aminu_Rider

Tambaya a gefe: idan babur Honda ne amma lambarsa ba ta fara da J ba, jabu ne?

Oga_Lawal_Bakanike

A'a, Malam Aminu. Honda tana da masana'antu a ƙasashe da dama, MLH na Tailan ne, ME4 na Indiya, 9C2 na Barazil, duk kuma Honda ne na gaskiya. Har ila yau harafin farko ba kullum yake nuna inda aka ɗaura kusoshin ba. Ƙananan baburan kamfanin KTM da Bajaj ke haɗawa a Indiya ana ganin wasu da MD2, wasu kuma da VBK ta Ostiriya, gwargwadon kasuwar da aka nufa da su. Idan kuma ka ga 9 a gurbi na uku, alama ce ta ƙaramin kamfani mai fitar da kaya kaɗan, sai an haɗa da gurbi na 12 zuwa na 14 kafin a san ko wane ne.

Ummu_Khalil

Ya kyautu da Malam Sagir bai rubuta lambar gaba ɗaya a nan ba. Masu sauya wa babur ɗin sata lamba suna neman sahihiyar lamba ta samfuri iri ɗaya ne su kwafa, kuma hoton da aka saka a intanet yana sauƙaƙa musu aikin. A ɓoye shida na ƙarshe, sha ɗaya na farko sun isa kowane bayani da aka yi a sama.

Kabiru_4x4

Ban ƙi ba, amma lambar a fili take a wuyan kowane babur da aka ajiye a bakin hanya, kuma mai saye yana da haƙƙin a ba shi ita cikakkiya kafin ya biya, domin da ita zai tambayi dillalin kamfani ko hukumar rajista. Mai sayarwar da ya hana ni ita a keɓe, ni ma na fasa cinikin.

MaiWalda_Isuhu

Akwai yanayin da ba a taɓo ba, wato babur ɗin da ya yi haɗari aka sauya masa firam. Lambar tana bin firam ne, saboda haka idan aka ɗora inji da tayoyi da robobin 2011 a kan firam ɗin 2019, duk abin da Injiniya da Malama suka koyar zai nuna 2019, bugun kuma na masana'anta ne babu gurza babu walda. A nan lambar inji da Malam Sagir ya tambaya a kanta ita ce za ta yi aiki, tare da kwanan watan da ake samu a bayan robobin jiki da kuma lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi tayar. Ita tayar ana sauya ta, don haka sabuwa ba ta tabbatar da komai, amma tayar 2012 a kan babur ɗin da aka ce na 2019 ne tana buƙatar mai shi ya yi bayani.